Almakashin Sarkin Aljanu

Ni tela ne a cikin birnin Kano, kuma na san abin da ake faɗa a kan alƙawarinmu, ba sai an tuna min ba. Amma duk mai ganin tela ya iya saɓa alƙawari, to bai taɓa zaman jiran marubucin littafin yaƙi ba.

Akwai wani littafi da ya hana ni sakat. Ba zan faɗi sunansa ba, ba kuma zan faɗi sunan mai shi ba, don har gobe ina sa ran Allah zai shirye shi. Irin littattafan nan ne 'yan sirara da ake bugawa kashi-kashi, bango mai hoton ƙato riƙe da takobi da maciji mai kai bakwai, takarda kuwa in ka cika murza ta sai ta bar maka baƙi a yatsa. Tun ina yaron shago, ina kama wa maigidana kalmasa da sa maɓalli, na fara karɓo shi haya. Da na fara samun na kaina sai na bi na saye su duka, na ɗaya har na takwas. A shafin ƙarshe na na takwas jarumin ya daka tsalle daga kan dokinsa, takobi tsirara a hannu, zai fille kan sarkin bokaye, ƙasa ta dare tana aman wuta, gimbiya tana ɗaure a jikin dutse tana kiran sunansa. Sai ga rubutu da manyan baƙaƙe: MU HAƊU A LITTAFI NA TARA.

Lokacin da ya yi tsallen nan ko zance ban fara zuwa ba. Yau babban ɗana yana firamare, yana kawo min takardar kuɗin makaranta, jarumi kuwa yana can sama bai sauko ba.

Wanda bai san daɗin abin ba zai ce mene ne a ciki, ai ƙarya ce tsagwaronta. Haka maman yara take cewa. To ƙaryar ma ai iyawa ce. A littafin nan birane 12 ne, kowanne da sarkinsa, da wazirinsa, da bokansa, da aljanin da aka ɗaure masa a zobe ko a kwalba, kuma kowanne yana da tsohuwar gaba da wani. Wata tsohuwa da jarumi ya shayar da ruwa a bakin rijiya a littafi na ɗaya, wadda ko layi biyar ba ta ci ba, sai a na shida ka gano ita ce uwar babban maƙiyinsa, kuma ruwan nan da ta sha shi ya hana ta hallaka shi. Ranar da na kai wurin nan sai da na ajiye littafin na miƙe na zaga shago. Mutumin yana rubutu ne kamar tsohon tela mai tattali, ko ƙyalle ɗaya ba ya yarwa, sai ka gan shi can gaba ya zama aljihu.

Don kada in rikice, bayan littafin awo na mayar da shi rajista. In ka buɗe daga gaba za ka ga tsawon riga da faɗin kafaɗa da hannu da wuya. In ka juya daga baya za ka ga wane ya haifi wane, wa ya kashe wa, takobin wane yana hannun wa yanzu. Da tafiya ta yi tafiya sai gaba da baya suka haɗu a tsakiya. Akwai wani Alhaji da na taɓa yanka wa wando da adadin 'ya'yan sarkin birni na huɗu. Har yau ba ya amsa sallamata da kyau.

Mu dai ba yau muka fara son irin wannan ba. Tun 1934 Gandoki na Bello Kagara yake yawo da masu karatu a ƙasashen aljanu. Abubakar Imam ya ba mu Magana Jari Ce littafi uku, ya kai ƙarshe, ya sallami kowa. Ita ma Shaharazad ta Dare Dubu Da Ɗaya, wadda ta fi kowa iya yanke labari a inda ya fi daɗi, washegari da daddare take ɗorawa, don ta san in ta yi wasa kanta zai tafi. A ganina abin da ya lalata marubutan yanzu ke nan, babu mai tsaye a kansu da takobi.

Mai sayar min da littattafai a kasuwar Sabon Gari ya gaji da ganina. Da ya hango ni zai ɗaga hannu tun daga nesa ya ce, "Yana inji, Malam." Ni kuwa na san wannan yaren, don ni ma in an zo karɓar ɗinkin da ko yanka shi ban yi ba cewa nake "saura guga." Wata rana dai ya tausaya min ya ba ni kujera, ya ce in dubi shagonsa da kyau. Rabin kantar da a da take cike da littattafan soyayya da na yaƙi yanzu littattafan makaranta ne da Ƙur'anai da cajar waya. Ya ce takarda ta yi tsadar da in an buga ɗan littafi sai an sa masa kuɗin da mai karatu ba zai biya ba, masu haya sun watse, matan da su ne manyan masu saye duk sun koma karatu a waya. Marubucin fa? Wani ya ce ya tafi Saudiyya. Wani ya ce ya koma rubuta wa 'yan fim labari. Wani ya rantse ya gan shi yana sayar da takin zamani. Kowa da nasa.

Ƙanena da ke jami'a shi ya zo ya ƙara min gishiri a ciwo, wai da sunan lallashi. Ya same ni ina mita, ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai kai ɗan gata ne. Ka san fim ɗin nan Game of Thrones?" Na ce na ga yara suna kallo. Ya ce to daga littafi aka ɗauko shi, na wani Ba'amurke, George R. R. Martin. Na farko ya fito a 1996, na biyar a 2011, an ce bakwai ne za su zama, kuma tun daga nan mutane a faɗin duniya suke jiran na shida. Fim ɗin da aka fara a 2011 ya cim ma littafin, ya wuce shi, ya ƙare a 2019, masu karatu suna nan zaune. Ya ce akwai wani kuma, Robert Jordan, da ya fara nasa dogon labarin a 1990, ya yi littafi 11 manya-manya, kowanne ya isa a yi matashin kai da shi, sai Allah ya yi masa rasuwa a 2007 bai gama ba. Sai matarsa ta nemo wani marubucin, Brandon Sanderson, aka ba shi bayanan da mamacin ya bari, ya ƙarasa da littafi 3, na ƙarshe ya fito a 2013.

Duk surutun nan abu ɗaya ne ya zauna min a kai: ashe ana iya ƙarasa wa mutum.

Azumi ya zo, ɗinkin Sallah ya taru har rufin shago. A goman ƙarshe ba ma barci, daga an sha ruwa an yi asham sai keke har sahur. Wani dare aka ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi, muka koma keken ƙafa da fitilar caji. Don kada yara su yi gyangyaɗi su ɗinke yatsunsu, na ce bari in gaya muku yadda littafi na tara ya kamata ya kasance. Na sauko da jarumi daga sama. Na sa takobinsa ya karye a wuyan sarkin bokaye. Na fito da sarkin aljanu daga cikin ƙasar da ta dare. Ina taka keke ina zuba, yara sun yi tsit, har mai shayin da ke ƙofar shago ya bar tukunyarsa ya matso. Dare uku ko huɗu muna wannan. Ban lura babban yarona ya jingina wayarsa a jikin gwangwanin allurai ba.

Bayan Sallah da 'yan makonni, ina zaune sai ga saƙo daga wani abokin karatuna: "Albishirinka! Na tara ya fito!" Hannuna har rawa yake. Ya ce ba a takarda ba ne, a WhatsApp ne, littafin kuɗi ne, Naira 500, amma in kana son a riƙa ba ka shafi biyu kullum maimakon ɗaya, akwai ɓangaren manya, Naira 1,000. Ni da na yi shekaru ina jira ai ba za a gan ni a layin talakawa ba. Na tura 1,000, na tura shaidar biya, aka jefa ni a guruf.

Ranar da wuri na rufe shago. Wata Hajiya da ta zo karɓar ɗinkin biki na ce mata an yi min rasuwa a cikin littafi, ba ta gane ba, ta yi min ta'aziyya ta tafi. Na sayi balangu, na sayi data, na shiga gida na ce wa maman yara ko gobara ake kada a taɓa min ƙofa. Na yi alwala ma, ban san dalili ba.

A saman shafin farko an rubuta gargaɗi da jan tambari: wannan littafi na kuɗi ne, duk wanda ya karanta bai biya ba, ko ya fitar da shi waje, ban yafe ba, Allah ya isa. Na ce madalla, haƙƙin mai gumi ne. Na fara karatu. Jarumi ya sauko. Takobinsa ya karye a wuyan sarkin bokaye. Na buga cinya na ce kai! Ashe tunanina da na marubucin nan ɗaya ne! Nan take na kira ƙanena na ce masa, "Kai da kake ganin boko ne kawai ilimi, to abin da na faɗa da azumi shi mutumin ya rubuta, ko wasali bai canza ba." Ya ce, "Ko wasali, Yaya?" Na ce ko wasali. Ya yi shiru, ya ce to Allah ya ƙara basira.

Na ci gaba. Ƙasa ta ƙara darewa, hayaƙi ya turnuƙe, sarkin aljanu ya fito, tsawonsa ya kai gajimare, idanunsa suna ci da wuta. Ya dubi jarumi, ya dubi gimbiya, ya daka tsawar da duwatsu suka farfashe, ya ce:

"Kai yaro, miƙo min almakashin can."

Na tsaya da tsoka a baki. Na sake karantawa. Na gangara ƙasa kaɗan. Gimbiya ta fashe da kuka tana roƙon a kwance ta, sarkin aljanu ya juyo a fusace ya ce mata, "Hajiya, wallahi saura guga, ki dawo jibi."

Wanda ya kwafe maganar daga murya zuwa rubutu ko mai tsananin amana ne, ko bai san abin da yake yi ba. Duk abin da ya fito daga bakina a daren nan ya zuba shi. A tsakiyar yaƙin birni na bakwai, sarkin yaƙi ya tsayar da runduna ya tambayi ko an kira assalatu. Waziri yana mutuwa, wasiyyarsa ta ƙarshe ita ce a sa wa shaddar nan farin zare.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne sharhin 'yan guruf. Babu wanda ya yi dariya. Mutum sama da ɗari, sun kasu gida biyu a kan almakashi. Wasu suka ce makamin tsafi ne da aka ɓoye tun farkon labari, wata ta kawo hujja daga littafi na uku inda aka ce wani maƙeri ya ƙera abu mai baki biyu ba a faɗi sunansa ba. Wasu suka ce a'a, ishara ce, almakashi yana nufin raba gimbiya da jarumi. "Saura guga" kuwa wani ya ce kalmar sirri ce ta aljanu, wai in ka karanta ta daga baya za ka gane. Na gwada. Ba ta ba da komai.

Na yi ta maza na rubuta: "Jama'a, ku yi haƙuri, wannan ba marubucin ba ne. Ni ne na faɗe shi a shagona, almakashin ma ga shi nan a gabana." Na ɗauki hotonsa na tura, da ƙyallen atamfa ɗaure a hannunsa. Minti biyu ba a yi ba admin ya rubuta cewa 'yan baƙin ciki sun fara shigowa, ya cire ni. Na bi shi ta gefe na ce to a dawo min da 1,000 ɗina. Ya turo min gargaɗin nan na Allah ya isa, ya toshe ni.

Da safe na titsiye yarona. Ya rantse da abin da zai kashe shi mutum ɗaya kawai ya tura wa, abokinsa ne, shi ma don ya ji daɗi. Abokin ya ce shi ma mutum ɗaya ya tura wa. Na bar zancen, don na ga in na bi layin nan sai na dangana da Agadas.

Na ɗauka an gama. Ashe kafin a cire ni wasu sun kwafi lambata.

Bayan kwana biyu da la'asar wani dattijo ya yi sallama a ƙofar shago, farin gemu, tabarau a karan hanci, jakar leda a hammata. Daga gani tsohon malamin makaranta ne, irin waɗanda ko gaisuwa suke yi sai ka ji kamar za su ba ka maki. Ya zauna a benci ba tare da an ce ya zauna ba, ya zazzage ledar. Littattafan nan ne guda takwas, kowanne an yi masa bango da takardar siminti, gefen shafuka cike da jan biro.

Ya ce, "Kai ne mai almakashi?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

Ya ce, "Sarkin yaƙin da ka ba jagorancin runduna a birni na bakwai, ka san ya mutu?" Ya lashi yatsa, ya buɗe littafi na huɗu, ya nuna min. Ga shi kuwa, kada ya cinye shi a kogi, har an yi zaman makoki. Na juya bayan littafin awo a guje. Sunansa yana nan, amma daidai inda na rubuta makomarsa na ɗora awon wuyan wani ango.

Na ce wataƙila kadan ya amayo shi.

Bai yi dariya ba. Ya ce wannan mai sauƙi ne, a littafin yaƙi ana mutuwa a dawo. Babbar ɓarnar tana gaba. Ya buɗe littafi na biyu, ya sa yatsa a wani layi da na sha karantawa ban taɓa ba shi muhimmanci ba. Lokacin da aka jefar da jarumi yana jariri, matar da ta tsince shi ta shayar da shi ita ce daga baya aka kai fada ta shayar da ƙanwar gimbiya. Ni kuwa a dare na uku, da na ga gimbiya ta cika kuka, na aurar wa jarumi ƙanwar, har da kwatanta lefe.

"Nono ɗaya suka sha," in ji dattijon, yana kallona ta saman tabarau. "Ka ɗaura auren da bai halatta ba, a cikin watan azumi, a gaban yara."

Mai shayi da ke leƙe ya ce innalillahi.

Na ce to Baba yanzu yaya za a yi? Ya ce a raba auren, a bayyana yadda sarkin yaƙi ya tsira, a kuma faɗi asalin almakashi, tunda an riga an sa shi a zukatan mutane. Duk wannan a littafi na goma. Na ce ai ni ba marubuci ba ne, tela ne. Ya ce shi ma wancan ba a haife shi da biro ba.

Na gwada, kada a ce ban gwada ba. Na sayi sabon littafi mai layi na zauna da daddare. A nan na ga abin da ya kori bawan Allahn nan zuwa sayar da taki, in ma gaskiya ne. Kafin a yi yaƙin ƙarshe dole kowa ya hallara a wuri ɗaya, alhali rundunar gabas tana da tafiyar wata uku, yariman da ke riƙe da rabin zoben yana kurkuku a ƙarƙashin teku, mutum biyu da suka san hanyar fito da shi ɗaya ya haukace ɗaya ya zama tsuntsu. In ka matsar da wannan sai wancan ya zame. In ka kashe wani don ka huta, sai ka tuna shi kaɗai ya san kalmar buɗe kogo. Na cika shafi guda, na yage, na cika wani, na tashi da ciwon kai. Keken ɗinki bai taɓa yi min haka ba.

Yanzu dattijon ya kawo yadi wai a yi masa kaftani, kuma na gane dabara ce, don kullum bayan la'asar yana kan benci "yana jiran ɗinkinsa," bai taɓa tambayar kaftanin ba. Wayata ba ta hutawa. Wata mata daga Zinder ta kira ta ce in na kuskura na kashe yariman teku ita da ni sai a lahira. Admin ɗin da ya toshe ni ya buɗe ni da kansa, ya turo sallama da tambayar ya iyali, wai ko za mu yi magana ta fahimta, ya ba ni kashi 30 cikin ɗari.

Jiya da daddare na koma gida a gajiye, na tarar an rufe kwanon tuwo an ajiye shi can saman firji, maman yara tana zaune a kan tabarma da waya a hannu. Na miƙa hannu zan sauko da kwanon, ta ce, "Dakata tukuna, Malam. Wai shi maƙerin nan na littafi na uku, shi ya ƙera almakashin ko ba shi ba?"

Na ce, "Ke kuma a ina kika sani? Ba ke ce mai cewa ƙarya ce tsagwaronta ba?"

Ta ce ai tun ranar da aka buɗe guruf ɗin tana ciki, har ta ga lokacin da aka cire ni.

"Da wane kuɗin kika shiga?"

"Na cefane. Ɓangaren manya." Ta gyara zama ta jawo filo. "Miyar kuka ce, tana hucewa. Ina jin ka."